Sauri da Tabbacin Ajiya a Rumbun Bayanai na LevelDB

Akwai wani irin ƙaramin rumbun bayanai wanda ba ya zaman kansa, sai dai a dasa shi a cikin wata manhaja. Tsarinsa irin na ƙamus ne, kowane bayani da mabuɗinsa, kamar yadda Bargery ya jera kalma da ma'anarta a 1934. Wanda za mu duba a nan shi ne LevelDB, wanda Jeff Dean da Sanjay Ghemawat suka tsara a Google, aka fito da shi a 2011.

Abin lura shi ne ma'anar "an rubuta". In manhaja ta miƙa bayani, sai LevelDB ya ƙara shi a ƙarshen wani kundi da ya ke jera ayyuka bi da bi, ya riƙe kwafinsa a ƙwaƙwalwar wucin gadi, sa'an nan ya amsa cewa an rubuta. Amma fa, in ba an umarce shi da wani abu dabam ba, bayanin bai sauka a kan faifai ba tukuna. Yana hannun babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ita kuwa tarawa ta ke yi, ta zuba daga baya. Watau, a bakin masu nahawu, an yi amfani da shuɗaɗɗen lokaci ga aikin da bai kammala ba. In ƙaramar manhajar ce kaɗai ta tsaya, ba a yi hasarar kome ba. In kuwa wuta ta ɗauke, bayanan ƙarshe suna iya salwanta, alhali an riga an gaya wa mai su an ajiye.

Ana iya umartarsa kada ya amsa sai faifai ya tabbatar. To, a nan lokaci ke tafiya. Faifai mai juyi 7200 a minti sau 120 ya ke zagayowa a daƙiƙa, saboda haka rubutun da ke jiransa ɗaya bayan ɗaya da wuya ya zarce wannan adadi da yawa. Masu tsarin sun ce rashin jiran ya kan fi sauri fiye da sau 1000.

A ganina, wanda ke zuba kalmomin ƙamus daga takardun da ke hannunsa ba ya bukatar jira, don in ta ɓaci sai ya sake daga farko. Mai riƙe lissafin kuɗin jama'a kuwa tilas ya jira. Sauƙin da LevelDB ya yi masa shi ne ya ɗaure rubuce-rubuce da yawa dami guda, jira ɗaya ya wadatar da su duka, kuma ko dai su shiga gaba ɗaya ko kada ɗaya ya shiga.