Cire Iyakilina Ba Ya Ƙara Wa Inji Ƙarfi

A garejoji da tashoshin motar Kaura Namoda akwai maganar da ta zauna daram: wai idan mota mai injin V6, irin su Sienna da Highlander, ta fara nauyin totur, a zare mata iyakilina, wato matatar iska, ko a huda ta don inji ya sha iska. Masu faɗin haka sun daɗe suna sana'ar, kuma akwai gaskiya a bakinsu. Matatar da ta toshe tana shaƙe inji, da an zare ta kuma sai a ji rurinsa ya ƙaru. Sai dai, ya ku iyayen gida, ruri daban, ƙarfi daban.

Kafin inji ya ƙona litar fetur guda, yana zuƙar iska kusan lita 9,000. A duba irin iskar da ke kan hanyar Shinkafi ko ta Zurmi da hunturu, musamman idan kana bayan babbar mota. Cikin wannan ƙurar akwai garin yashi wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. Idan ya haɗu da baƙin mai sai ya riƙa cin ringi da bangon silinda a hankali, har mota ta soma hayaƙi tana shan mai.

A injin V6 kuwa abin ya fi muni. Silindojinsa layi biyu ne, uku-uku, amma iska ta ƙofa ɗaya take shiga, sannan manifol ya raba ta bututu shida. Ƙurar da ta wuce ƙofar nan ba ta barin ko ɗaya, ranar sauke inji kuma kai biyu za a kwance, gasket biyu za a saya.

Sannan bayan matatar akwai na'ura mai siririyar waya da ke auna iska tana sanar da ƙwaƙwalwar mota. Ƙura na lulluɓe ta lissafin fetur ya rikice, mota ta kama fizga. Wanda ya cire akwatin matatar gaba ɗaya ma ya ƙara wa kansa asara, domin injinsa zai koma shaƙar iskar cikin bonet mai zafi, wadda ba ta kai ta waje kauri ba, balle a zafin Afrilu.

Abin da na fi so makanikanmu su riƙe shi ne canza matatar tun kafin wa'adin da kamfani ya rubuta, saboda ƙurarmu ta fi ta ƙasashen da aka ƙera motocin. Busa ta da iska mai ƙarfi yana yaga takardar. A kuma riƙa duba tiyon da ke tsakaninta da totur, domin ko ƙaramar tsaga ce ƙura za ta bi ta nan.