Yadda ake buɗe but ɗin tsohuwar mota idan ya ƙi buɗuwa ba tare da an yi ɓarna ba

Har yanzu akwai gidaje da dama a Kano da Kaduna da Zariya da ake ajiye da Fijo 504 ko Marsandi 200 da 230, wasu don aikin yau da kullum, wasu kuma don tunawa da iyayen da suka bar su. Ita Fijo 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya daɗe yana harhaɗa ta bayan an daina ƙera ta a Turai. Marsandi samfurin W123 kuwa an ƙera ta daga 1976 zuwa 1986. Ke nan mafi yawan waɗannan motoci sun haura shekara talatin, kuma ɗaya daga cikin matsalolin da ke zuwar musu da tsufa ita ce murfin but ya kafe, a murɗa makulli ya ƙi ɗagawa.

Matsalar tana da saurin harzuƙa mutum, domin sau da yawa safaya da jak na ciki, ko kayan ɗan kasuwa, ko fayil ɗin ofis. A irin wannan hali ne ake ɗauko ƙarfe a ɓanɓare murfin, a lanƙwasa bakinsa, a kankare fenti, a karya abin da samun irinsa a kasuwar kayan gyara ya zama aiki. Alhali kuwa but ɗin da ya ƙi buɗuwa yakan nuna inda ciwonsa yake, idan mai motar ya natsu ya lura da yadda makulli ke motsi a hannunsa.

Abubuwa uku da ke riƙe da murfin

Makullin but ɗin tsofaffin motoci ba shi da sarƙaƙiya. Akwai gidan makulli, wato inda ake zura mabuɗi, wanda a wasu motoci yake haɗe da madanni. Akwai ɗan sandan ƙarfe ko harshe da ke kai motsin mabuɗin ciki. Sai kuma sakata mai sifirin, wadda ke cafke wata ƙugiya idan an rufe murfin. A wasu motoci sakatar na jikin murfi, ƙugiyar na jikin mota, a wasu kuma akasin haka. Duk but ɗin da ya kafe, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya gaza, ko kuma wani abu na takura wa sakatar.

Idan mabuɗi na juyawa amma da nauyi

Wannan ita ce alama mafi sauƙin magani. Yawanci kaya ne suka yi yawa, buhu ko dilar atamfa na tura murfin sama daga ciki, sakatar ta ɗaure da ƙugiya har sifirin ya kasa sakinta. Haka ma idan bakin leda ko igiya ya shiga tsakaninsu lokacin rufewa. Maganin shi ne wani ya ɗora tafukan hannu biyu a kan murfin, daidai saman makullin, ya danna ƙasa, wani kuma ya murɗa mabuɗi a lokaci guda. Dannawar na rage nauyin da ke kan sakata. Idan bai yi ba, a gwada girgiza murfin hagu da dama, domin hinjin da ya saki yakan sa ƙugiya ta kauce daga saitinta.

Wani lokacin kuma sakatar ta riga ta saki, robar da ke zagaye da bakin but ce ta manne da fenti saboda zafin rana da daɗewar ajiya. A nan za a ji ƙarar sakin sakata amma murfin ya tsaya. Bugun gefen murfin da tafin hannu, tare da zura siririn katako ko roba mai tauri a bi bakin sannu a hankali, ya isa ya raba su.

Idan mabuɗi ya ƙi juyawa

A nan ciwon na cikin gidan makulli. Ƙurar hunturu na shiga, ruwan damina ya biyo baya, ƙananan ƙarafan da ke ciki su yi tsatsa su daskare. Abin da ya dace shi ne a fesa man da ke ratsa tsatsa, irin su WD-40, a bar shi ya jiƙa na ɗan lokaci, sannan a riƙa zura mabuɗin ana fitarwa ana goge dattin da ya biyo shi. Kada a kama mabuɗi da fulaya a murɗa da ƙarfi, domin tsohon mabuɗi ya riga ya siranta, kuma idan ya karye a ciki aikin ya ninku. Haka nan a guji ɗura man birki, duk da cewa wasu bakanikai na yin haka, saboda yana cin fenti duk inda ya zuba.

Yana da kyau a gwada mabuɗin ajiya, domin haƙoran wanda ake amfani da shi kullum sukan cinye. Masu Marsandi kuma su tuna cewa motocin wancan zamani na zuwa da mabuɗi iri biyu: babba mai buɗe ko'ina, da ƙarami da ake bai wa direba ko mai wanki, wanda ke buɗe ƙofa ya tayar da inji amma ba ya buɗe but. Wanda ya sayi motar ko ya gaje ta da ƙaramin kawai zai iya ɗauka makullin ne ya lalace.

Idan mabuɗi na juyawa sakayau

Mabuɗin da ke juyawa ba tare da wani nauyi ba yana nuna cewa sandan da ke haɗa shi da sakata ya zame, galibi saboda ɗan maƙalin roba da ke riƙe shi ya bushe ya karye. Babu yawan murɗawar da za ta gyara wannan daga waje, sai an kai ga sakatar ta ciki. Irin haka ke faruwa da Volkswagen Beetle, wadda but ɗinta ke gaba kuma ake buɗe shi da waya daga cikin mota, idan wayar ta tsinke ko ta saki.

A motoci da yawa hanyar ita ce cire kujerar baya. Ana ɗaga mazaunin, a kwance notin da ke riƙe majinginar, sai a tarar da kwali ko ƙarfe mai ramuka. Ta nan ake haska tocila, a miƙa dogon ƙarfe a tura harshen sakatar, ko a haɗa dogon hannun sifana a kwance notin da ke riƙe ta.

Hatsarin da ke bayan kujerar Marsandi

A Marsandi W123 mai ƙofa huɗu, tankin mai yana tsaye ne a bayan majinginar kujerar baya, tsakanin fasinja da but. Duk wanda ya sa injin huda ko abin yanka ƙarfe a wannan bango yana iya fasa tankin, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Wata hanya da masu gyaran waɗannan motoci ke bi ita ce ta gurbin akwatin taimakon gaggawa da ke kan kantar bayan kujera, ƙarƙashin gilashin baya.

Motocin da ke da tsarin kulle duk ƙofofi lokaci guda suna aiki ne da zuƙar iska ta wasu siraran tiyo. Idan tiyo ya tsage, ko motar ta daɗe a ajiye, but na iya zama a kulle bayan an buɗe ƙofa. Tayar da injin na ƴan mintuna, sannan a kulle a sake buɗewa daga ƙofar direba, yakan warware matsalar idan yoyon bai yi yawa ba.

Huda ita ce mataki na ƙarshe

Idan duk waɗannan sun gaza, sai a nemi mai gyaran makulli kafin a nemi mai walda. Ƙwararre na iya buɗe gidan makullin ba tare da mabuɗi ba, idan kuma dole sai an huda, zai huda gidan makullin kansa, wanda ake iya sauyawa, ya bar jikin motar lafiya. Murfin da aka ɓanɓare da ƙarfe kuwa da wuya ya koma ya zauna daidai, ruwa zai riƙa shiga, tsatsa ta cinye ƙasan but ɗin, darajar motar ta faɗi. Garin gyaran gira ke nan an rasa ido.

Bayan ya buɗe

Kada a sake rufe murfin sai an gano musabbabin. A gwada sakatar da sukundireba murfin na buɗe, a tura ta ta kama, a murɗa mabuɗi a ga ta saki sau da dama. A wanke tsohon giris da kananzir, a shafa sabo kaɗan, a daidaita ƙugiyar, a sauya maƙalin da ya karye. A kuma yanko mabuɗi na biyu tun na farkon na da sauran haƙora.

Akwai kuma batun rai. Sai a shekarar 2001 Amurka ta wajabta sanya hannun buɗe but daga ciki a sababbin motoci, bayan mutuwar yara da suka maƙale a ciki. Fijo 504 da Marsandi W123 ba su da wannan hannu. Saboda haka duk gidan da ke da irin wannan mota a ajiye a tsakar gida ko gareji, wajibi ne a kulle but ɗinta, a kuma ɗauke mabuɗin daga inda hannun yara zai kai.