Dandalin Ɗan Kasawa: Filin da Maraɗi ta hau tudu da shi

Duk baƙon da ya shigo Maraɗi daga Kornaka ko Dakoro ya tambayi fada, dandalin Ɗan Kasawa za a nuna masa. Fili ne mai faɗi a ƙofar gidan Sarkin Katsinan Maraɗi, ga masallaci a kusa, kamar yadda aka saba tsara biranen Hausa.

Sunan filin kansa tarihi ne. Bayan da masu jihadi suka karɓe birnin Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, kuma Ɗan Kasawa ne ya kafa sabuwar hedikwatarsu a Maraɗi. A lokacin garin yana cikin kwarin Gulbi. Ambaliyar 1945 ce ta ci tsohon garin, aka tashi aka koma kan tudu. Da aka zo yanka sabbin unguwanni, an bar wa fada filinta a buɗe.

Ranar Sallah ake ganin amfaninsa. Bayan an sauko daga Idi, mahaya dawaki da dogarai da makaɗa da maroƙa duk nan suke haɗuwa, talakawa su yi wa Sarki gaisuwa. Ba a sayen tikiti, ba a tambayar wa ya gayyace ka.

Irin wannan tsari ake gani a ƙananan masarautu kamar Kornaka. Ƙofar gidan sarki ita ce wurin sasanta manomi da makiyayi, wurin sanarwa, wurin tarbar baƙi. A da, idan an gama girbin gero, 'yan mata kan fito gaɗa da farin wata, samari su yi kokawa. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau mulki a 1974, ta farfaɗo da ƙungiyoyin Samariya ne a kan wannan al'ada ta dandali.

Yau lamarin ya sauya. Kokawa ta koma filin da aka gina mata, wanda a Maraɗi ke ɗauke da sunan Yacouba Ango Kantou, gwarzon da ya ci takobin farko a Tahoua a 1975. Hirar dare ta koma gidajen kallon ƙwallo da wayoyin hannu. Bikin 18 ga Disamban 2015, wato Maraɗi Kwalliya, ya kawo sabbin tituna da gine-gine, farashin fili kuma sai hawa yake yi.

Nan ne abin tsoron yake. Fili buɗaɗɗe a tsakiyar gari ba ya rasa masu sa masa ido, ko don rumfuna ko don tashar mota. Kuma filin da aka yanka aka zuba siminti ba ya dawowa. Ya rage wa sarakuna da magadan gari, daga Maraɗi har Kornaka, su shata iyakar dandalinsu a rubuce tun kafin a fara kafa turaku.