AMSAR WASIƘUNKU: Na sayi injin ta intanet, ya zo a lalace

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomin rani a Taura, jihar Jigawa. Ya ce ya ga tallar injin ban ruwa a wayar ɗansa, ya tura kuɗi, aka ɗoro masa a mota. Kwana biyu yana aiki ya tsaya cik. Mai kayan kuwa ya ce ai kayan da aka saya ba a mayarwa. Shi ne yake tambaya, ko yana da hakki?

To Malam, muna yi maka jaje, amma hakki kam kana da shi. Da a kasuwar Gujungu ka sayi sa ran Lahadi, ka je gida ka tarar da aibin da aka ɓoye maka, ai dillali za ka nema, in ta ƙi a je gaban sarkin kasuwa. Cinikin waya ma bai fi ƙarfin doka ba, sai dai babu dillalin da za ka riƙe wa riga.

Akwai dokar tarayya ta kare hakkin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar FCCPC, a madadin majalisar da aka kafa tun 1992. Sashe na 132 ya ce in kaya suka zo da aibi, mai saye na iya mayar da su cikin wata 3 daga ranar da ya karɓa. Mai sayarwa sai ya gyara, ko ya canza, ko ya biya kuɗin, kuma ɗawainiyar mayarwa a wuyansa take. Sashe na 122 kuma ya shafi irinka da ba ka ga kayan da idonka ba kafin su iso: in sun saɓa da abin da aka kwatanta, kana iya ƙin karɓa. Maganar "ba a mayarwa" ba ta soke wannan.

Amma fa a kula. In kai ka tayar da injin babu baƙin mai, ko ka kai wa bakanike ya farke shi, ka raunana hujjarka. Ka bar shi yadda yake, har kwalinsa. Ka adana shaidar biyan kuɗi ta banki ko ta mai POS, da hoton tallar, da duk saƙonnin da kuka yi.

Ka fara rubuta wa mai kayan, ka ba shi wa'adi. In ta babbar kasuwar intanet ka saya, wadda kuɗi ke bi ta hannunta, sanar da su yau ɗin nan, don wa'adinsu 'yan kwanaki ne. In abin ya faskara, kai kuka ga FCCPC, ta intanet ko ofishinsu na Kano. Kotu ma ƙofarta a buɗe take.

Inda gizo ke saƙar shi ne in mutumin ba shi da shago, ba adireshi, ya kuma kashe waya. Wannan ya zama damfara. Garzaya bankinka ka shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ka sanar da 'yan sanda, da lambar asusun da ka tura wa kuɗin a hannunka.