Ƙunshin ɗan lakwal: yaya za a yi da yaro mai tsirfar abinci?

Kowace shekara in watan Oktoba ya kama, ƴan lakwal suka koma aji, hankalin iyaye yakan tafi ga littattafai da alƙaluma da tufafi. Abin da yaro zai sa a cikinsa daga ƙarfe 8 na safe har zuwa tashi ba a cika sa shi cikin lissafi ba. Ga yaron da ke cin duk abin da aka miƙa masa, magana ta tsaya ga abin da aljihu ya iya. Ga yaro mai tsirfa kuwa, wanda ake cika wa kwano da safe ya dawo da shi kamar yadda aka ba shi, ko da akwai abincin, yunwa ce ke zama da shi cikin aji.

Nisan gida da tsawon yini

Bawdeta ƙaramar hukuma ce ta karkara cikin gundumar Tasawa, jahar Maraɗi. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya, inda ake noma hatsi da dawa da wake da gujiya, kamar yadda ake yi a sauran ƙasar Tasawa da ta Mayahi. A irin wannan wuri ba kowace tunga ko ruga ke da lakwal tata ba. Yaron da gidansu ke cikin gari yakan ruga gida da tsakar rana ya sha fura ya komo. Wanda ya tako daga nesa kuwa, musamman inda ake komawa aji da yamma, sai dai ya sami inuwa ya jira, abin da ya zo da shi daga gida shi ne kalacinsa na yini.

Akwai kuma wasu yaran da ba nisa ke damunsu ba, baƙunci ne. Ma'aikacin gwamnati da aka turo daga Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, malamin lakwal ne ko ma'aikacin gidan likita ko na aikin gona, yakan zo da iyalinsa. Ɗansa ya saba da burodi da shayi da taliya, yau ga shi a inda abin karin kumallo kunu ne ko ɗumamen tuwo. Sai ya rufe baki. Haka ma ɗan kasuwar da ke fita tun da asuba yana bin kasuwannin mako, ko yana tsallakawa Nijeriya sayen kaya: ba ya nan lokacin da ake fama da yaro, abin da yake iyawa shi ne ya bar kuɗi.

Duka, ɗura, ko kuɗi

A jahar da ta ga yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta karɓi dubban yara masu tamowa a cibiyoyinta na Maraɗi, yaron da ya ga abinci ya kau da kai abin haushi ne. Kakanni sukan ce sangarta ce, ƙoshi ne ya yi masa yawa, a bar shi yunwa ta koya masa hankali. Uwa kuwa, da yake ita ke ganin wuyan ɗanta yana ramewa, takan bi ɗaya daga cikin hanyoyi uku.

Ta farko ita ce tsawa da bulala. Ta biyu ita ce ɗura, wadda aka saba yi wa ƙanana: a danne yaro a toshe masa hanci a zuba masa kunu. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna hani ga wannan, domin kunun yana iya bin hanyar numfashi ya sauka cikin huhu, ya haddasa ciwon da kan kai ga rasa rai. Hanya ta uku ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma ta fi yawa a gidajen masu ɗan hali: a miƙa wa yaro dala goma ko dala ashirin a ce ya sayi abin da yake so a bakin lakwal.

Ƴan tallan bakin lakwal ba abokan gaba ba ne. Da yawansu na sayar da ƙosai da waina da awara da ɗan wake, abinci mai riƙe ciki, kuma da cinikin ne iyayensu mata ke rufa wa kansu asiri. Sai dai yaro mai shekara 6 da kuɗi a hannu, mai tsirfa kuma, ba wajen ƙosai zai nufa ba. Alewa zai saya da biskit da ruwan zaƙi na leda. Zaƙin zai kashe masa yunwa na ɗan lokaci, kafin ƙarfe 11 ya fara hamma a gaban mushe, da ya koma gida kuma ya ƙi tuwo. Da haka kuɗin da aka bayar don magance tsirfa sai ya zama shi ke ciyar da ita.

A fara raba tsirfa da ciwo

Kafin a kira yaro mai tsirfa, wajibi ne a tabbata lafiyarsa ƙalau. Mai tsirfa yana ƙin wani abu ya ci wani, yana wasa, yana guje-guje, tufafinsa na yi masa kaɗan shekara bayan shekara. Wanda ya daina cin har abin da yake so, ya yi laushi, tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, ko yake yawan kuka da ciki, wannan maganarsa ta gidan likita ce. Zazzaɓin cizon sauro, wanda ke tsananta a ƙarshen damina daidai da komawa lakwal, da tsutsar ciki, da ciwon haƙori, duk suna hana ci. Ƙarancin jini ma haka: binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara 5 suna da shi, kuma yaro ba ya rabuwa da shi don kawai ya shiga aji na farko. Haka nan yaron da in ya ci gujiya ko ƙwai jikinsa ke yin ƙuraje ko leɓensa ya kumbura, ba yanga yake yi ba, kada a tilasta masa.

In an tabbatar da lafiya, to a kwantar da hankali. Bayan shekara 2 girman yaro yakan rage sauri, abin da yake ƙarawa bai fi kilo 2 ko ɗan sama da haka ba a shekara, cinsa ma sai ya ragu. Gudun baƙon abinci kuma ɗabi'a ce da ake gani ga yaran duniya duka, ta fi ƙarfi tsakanin shekara 2 da 6, sannan ta riƙa sassautawa.

Abin da masu bincike suka gano

Wata masaniya ƴar Amurka, Leann Birch, wadda ta rasu a 2019, ta ƙarar da rayuwarta wajen nazarin cin abincin yara. A 1990 ita da abokiyar aikinta sun ba yara ƴan shekara 4 zuwa 5 wani abincin da ba su saba da shi ba, wato awara, wasu da sukari, wasu da gishiri, wasu haka nan. Sun tarar sai yaro ya ɗanɗana sau 8 zuwa 15 kafin ya fara son irin wadda aka saba ba shi. Uwa kuwa sau nawa take gwadawa? Sau biyu ko uku, sai ta ce ɗanta ba ya cin abu kaza, ta daina sa masa.

A wani gwajin na 2006, an ba yara romo ana matsa musu su shanye, wani lokacin kuma a ƙyale su. Da aka auna, sun fi sha in ba a matsa ba. Tun a 1980 kuma Birch ta nuna cewa yaron da aka zaunar tare da sa'o'insa masu cin wani kayan lambun da shi ba ya so, cikin kwana 4 yakan fara miƙa hannu gare shi. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, inda ake tara yaran gida a kwano guda: wanda ke noƙewa a gaban uwa tasa, sai a gan shi yana rige-rige a tsakiyar ƴan uwansa. Saboda haka yaro ya zauna ya buɗe ƙunshinsa tare da abokai ya fi masa amfani da ya laɓe shi kaɗai.

Daga nan ne masana abincin yara suka tsayar da shawara guda: babba ne ke zaɓen abin da za a ci da lokacin ci, yaro ne ke sanin iyakar cikinsa. Kada uwa ta bar wa yaro zaɓi tsakanin abinci da alewa, kada kuma ta tsare shi sai ya ga gindin kwano.

Abin da za a sa cikin kwano

Kada a cika. Kwanon da aka tula wa abinci yana kashe wa mai tsirfa jiki tun bai fara ba. Kaɗan ɗin da zai cinye ya fi mai yawan da zai zubar wa awaki a hanya. A sa abu guda da aka tabbata yana ci, a ajiye a gefensa loma guda ta abin da ake so ya koya. In ya dawo da ita, kada a yi faɗa, a sake sawa bayan kwana biyu. A kuma bar shi ya zaɓa tsakanin abu biyu masu kyau, waina ko ƙosai, dabino ko aya, domin abin da yaro ya zaɓa da bakinsa ba ya son a ga ya kasa cinsa. Yawancin masu tsirfa ba sa son cakuɗe ko abu mai yauƙi, sun fi son abin da za a ɗauka da yatsu. Wanda ya ƙi dafaffen wake yakan ci ƙosai ko alala, alhali waken ne dai. Wanda ya ƙi kwaɗon zogale yakan ci dambun da aka sa wa ganyen kaɗan.

Ba sai an aika birni ba. Nijar ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Nijeriya, jahar Maraɗi ce kan gaba wajen aya, ƙasar Tasawa kuwa ita ce gidan jar akuya da aka san ta da nono. Hatsi in ya haɗu da wake ko ƙuli-ƙuli yana gina jiki fiye da hatsi shi kaɗai. Dafaffen ƙwai guda ya fi ƙunshin biskit amfani nesa ba kusa ba, camfin da ke cewa yaro mai cin ƙwai zai zama ɓarawo kuwa ba shi da tushe. Gwaba ko lemu ko garin ƴaƴan kuka na taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, shayi kuwa in an sha shi tare da abinci yana rage ɗaukar. Gujiyar da ta yi hunhuna a zubar da ita, tana da dafin da ke cutar da hanta. Ƙanana ƴan ƙasa da shekara 5 kuma kada a ba su gujiya ko aya ƙwaya-ƙwaya, suna iya shaƙewa.

Zafin bazara

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba cikin sanyi ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a wannan yanki. Shinkafa da miyar da aka zuba da ƙarfe 6 na safe, in an ce sai azahar za a ci, ta yi awa 7 cikin jaka. Yaron da ya buɗe ya ji ta canza wari ya ƙi ci, hankali ya yi, ba tsirfa ba. Dabara ita ce a raba ƙunshin biyu: mai danshi, irin su waina da alala da dafaffen dankali, a ci shi lokacin shan iska na safe, busasshe, irin su ƙuli-ƙuli da kantun riɗi da dabino da cuku da kilishi, a bar shi sai tsakar rana. Kwano ya zama mai murfi, wanda ƙaramin hannu ke iya buɗewa, a wanke shi da sabulu kowace rana. Kada a manta da gorar ruwa mai tsabta, domin yaron da ƙishirwa ta kama ba ya iya haɗiyar busasshen abu.

Aikin bai tsaya ga uwa ba

Gwamnati da hukumar abinci ta duniya, PAM, sun daɗe suna ciyar da yara a wasu makarantu, musamman na makiyaya da na yankunan da ke fama da ƙarancin abinci. A Yamai ne ma aka yi bikin farko na ranar ciyar da ƴan makaranta ta Afirka, ran 1 ga Maris 2016, bayan Tarayyar Afirka ta tsayar da ranar. Amma ba kowace lakwal ke da kantin ba, kuma inda babu, kwanon gida shi ne kantin.

Akwai abin da kwamitin kula da lakwal da ƙungiyar iyaye mata ke iya yi ba tare da jiran kowa ba: inuwar da yara za su zauna su ci tare, randa da buta da sabulu, da magana da masu talla su riƙa rufe kayansu daga ƙura da ƙuda. Malami ma ya sa ido, domin shi ne ke ganin yaron da ke musanya ƙosansa da alewa, da wanda ba ya zuwa da komai sam.

Uba kuma, ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa, ya yi lissafi. Dala ashirin kowace rana, kwana 5 a mako, jika biyu ke nan a wata. Kuɗin nan in an sayi wake da mai da ƙwai da dabino da su, an ba uwargida, sun fi ƙarfin alewa. Ya kuma tambayi ɗansa da dare abin da ya ci da wanda ya ci tare da shi, ba cikin tsawa ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, karatu ma haka yake. Allah ya raya zuri'a, ya ba iyaye haƙurin renonsu.