Mitar Da Ta Kunna Ba Lallai Ta Gyaru Ba

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin masu aikin lantarki, tun daga kasuwar Farm Centre ta Kano har unguwar Mahdiya a birnin Sabha na Libiya, inda 'yan'uwanmu da suka keta hamada ta Agadez ke neman halaliyarsu. Mitar awon wuta ta yi ƙara, ta yi ƙauri, a buɗe bayanta a tarar layi ya ƙone ƙurmus. Sai mai gyara ya tula dalma a kan baƙin, ya sa batir, lambobi su fito a gilashi. "Maigida, ai ta tashi." A biya shi, a kama hanya. Wallahi abin nan ya ishe ni.

Layukan da ake gani a jikin fanel jan ƙarfe ne, kaurinsa a yawancin na'urori maikiron 35 kacal, an shimfiɗa shi a kan allon zaren gilashi da aka haɗe da gam. Allon ba ya ɗaukar wuta, amfaninsa ke nan.

To amma in wuta ta ci shi, gam ɗin gawayi yake komawa, shi kuwa gawayi yana ɗaukar wuta. Nan ne masu tulin dalma suke tafka kuskure. Sun haɗa layin da ya yanke, gaskiya ne, amma sun bar ɓarauniyar hanya tsakaninsa da layin da ke maƙwabtaka da shi. A rediyo ko caja wataƙila a daɗe ba a lura ba. Mita fa? An ƙera ta ne don ta auna wuta ba tare da ta sha komai ba. Juriyar ƙofarta a yawancin mitocin zamani ohm miliyan 10 ce. Ɗan yoyon da bai taka kara ya karya ba ya isa ya karkatar da lissafinta. Sai ta zama mudu mai lotsattsen gindi, ana awo da shi kullum, ba wanda ya san ana cutarsa. Soket na ɗauke da bolt 230, ta nuna maka ƙasa da haka. Ka sauke batirin sola lafiyayye ka ce ya mutu, ka sa bawan Allah asarar kuɗi. Mafi muni, ta raina maka wutar da ke kan waya, ka kai hannu. Kuma gawayin ba ya tsayawa inda yake: duk sanda wuta mai ƙarfi ta bi ta kansa yana ƙara zafi, yana ƙara cin allon, har ranar da zai yi tartsatsi alhali mitar tana tafin hannunka. Wai ta kunna! Gilashin ai batir ne ke kunna shi, ba ruwansa da ko awon daidai ne.

Me ke ƙona layin tun farko? Galibi mantuwa ce: an bar tsinken awo a ramin ampiya 10, aka cusa shi a soket. Don haka aka sa fis. Na mita mai kyau na tangaran ne, cike da yashi mai kashe tartsatsi, irin na ampiya 11 da ke cikin Fluke 87V. Amma da ya ƙone sai mutanenmu su naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin taba. Daga ranar, layin fanel shi ne fis.

Ɗaya ciwon kuma tsatsa ce. A Kano damina ke kawo ta. A Sabha, inda ruwan sama sai an daɗe ba a gani ba, batir ne: a bar mita a mota cikin zafin da ya haura digiri 40, batirin alkalin ya yi amai, ruwansa mai cin ƙarfe ya bi layuka ya bar farin gari da kore-kore.

Ga yadda ake yi. A cire batir. In amansa ne, a ɗiga ruwan khal kaɗan da auduga har kumfa ta daina, sannan a wanke da sifirit ɗin aisofirofil da tsohon buroshin haƙori, a bari ya bushe sarai. Ban da fetur, ban da tina, suna cin roba. In ƙuna ce, a ɗauki reza a kankare baƙin nan kaf, har sai an ga kalar allon ta asali, ko da hakan zai bar rami. Ramin a cike shi da gam mai haɗi biyu. A yanke ruɓaɓɓen layin, a kankare koren fentin da ke kan lafiyayyen ɓangarensa ta kowane gefe har jan ƙarfe ya yi ƙyalli, a shafa masa dalma, sannan a yi jamfa da waya mai kaurin da zai ɗauki wutar da layin ke ɗauka. Jamfar ta bi sawun tsohon layin, kada a yi mata yanke: ratar da maƙera suka bari tsakanin layuka ita ke hana wuta tsallake. Man like kuwa ya zama na lantarki, mai rozin. Na masu gyaran lagireto asid ne, bayan 'yan watanni zai cinye aikin. A wanke, a rufe wurin da fentin fanel, a sa fis irin na asali.

Kafin a miƙa wa mai ita, a jera ta da wata mitar da aka amince da ita, a auna abu ɗaya da su biyun: sabon batir, sannan soket, sannan rezisto da aka san lambarsa. In ƙunar ta shiga layukan da ke binne a tsakiyar allon, ko ta cinye wurin da makunnin juyi ke gogawa, a gaya wa mai ita gaskiya ya sayi wata.