Rabin daƙiƙar da ta tona asirin makircin shekara biyu

A ranar 29 ga Maris, 2024, wani injiniyan kamfanin Microsoft mai suna Andres Freund ya bayyana wa duniya abin da ya gano a cikin XZ Utils, wata ƙaramar manhajar matse bayanai da ke cikin ɗimbin kwamfutocin da ke aiki da Linux. Abin da ya ja hankalinsa bai taka kara ya karya ba: shiga wata kwamfuta daga nesa ya ƙara jinkirin kimanin rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi, sai ya tarar da ɓoyayyiyar kafa da aka dasa a zubi na 5.6.0 da na 5.6.1, wadda za ta ba wanda ya dasa ta damar kutsawa cikin kwamfutocin jama'a ba tare da izini ba.

XZ buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato kowa na iya duba umarnin da aka gina ta da shi, ya kawo gyara ko ya kai rahoton tangarɗa. Shekara da shekaru nauyinta na wuyan mutum guda, Lasse Collin, wanda ke aikin sa kai. A nan ne wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shigo, kura da fatar akuya. Ya shafe kimanin shekara biyu yana aika gyare-gyare masu amfani har aka amince masa, sannan ya aikata ta'asarsa. Allah Ya sa an farga tun kafin gurɓataccen zubin ya yaɗu.

Wannan darasi ya shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye. DHIS2, manhajar da Najeriya ke tattara alƙaluman kiwon lafiya da ita, buɗaɗɗiya ce, kuma Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar gina ta. Ingancin irin waɗannan manhajoji ya dogara ne a kan masu amfani da su, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba sai ma'aikaci ya iya rubuta manhaja ba kafin ya ba da gudummawa. Rahoton tangarɗa mai kyau yakan faɗi zubin da ake amfani da shi, da matakan da aka bi har matsalar ta bayyana, da abin da aka zata zai faru, da abin da ya faru. Ba a sanya bayanan majinyata ko sirrin ofis a ciki. Idan kuma matsalar ta shafi tsaro, sai a sanar da masu kula da manhajar a asirce, don kada ɓata-gari su riga su.

Ma'aikacin da ya ga tangarɗa ya sake kunna kwamfuta kawai ya ci gaba da aikinsa, ya bar ta ne ga dubban abokan aikinsa da za su ci karo da ita gobe.